Casa'in da Takwas

Ranar Talata, ɗakin gwaji a Samaru,
fanka ta mutu tun makon jiya.
Malam Barau ya miƙo min ma'aunin zafi
kamar mai miƙa jaririn wata:
"Riƙe ta sama. Kada ya taɓa gindin kwalba.
Gindi wuta yake ji,
mu kuwa ruwa muka zo tambaya."

Na kunna. Harshen wuta shuɗi, babu hayaƙi.
Zaiba ta soma hawa, siririya,
talatin, arba'in,
tana ɗaga ƙafa kamar mai hawan Kufena da azumi.
A sittin ƙwayoyin iska suka manne wa gilashi,
na jawo biro.
"Tukuna," in ji shi, bai ma juyo ba,
"iska ce ke kwashe kayanta.
Ruwa bai ce komai ba."

Casa'in.
Kwalba ta fara gunaguni daga ciki.
Casa'in da biyar, da bakwai,
da takwas saura ƙiris,
sai zaiba ta ja ta tsaya.
Ruwa na tafarfasa, tururi na lasar goshina.
Na ƙara wuta, ta ƙi.
Na ba ta minti uku a agogon bango,
ta ƙi.

Littafi ya ce ɗari.
Tun ina firamare ɗari ne,
an dake ni a kan ɗarin nan.
Na waiga hagu, na waiga dama,
na rubuta ɗari, rubutu mai kyau.

Ya dubi takarda, ya dubi zaiba, ya dube ni.
"Laraba, wa ya gaya miki?"
"Littafi."
"Littafi a bakin teku ya yi awonsa.
Can iska na da nauyi,
tana zaune kan ruwa kamar murfi.
Mu a tudu Allah ya ajiye mu,
mita ɗari shida da 'yan kai,
abin da ke kanmu ya fi sauƙi,
ruwa kan sami ƙofa da wuri.
Soke. Rubuta abin da idonki ya gani."

Na soke. Layin ya karkace, hannuna na rawa.
Na ce, "To wutar da na ƙara fa,
ina ta shiga?"
Ya nuna tururi da haɓa.
"Ga ta can, ta ɓuya.
Ma'auni ba ya ganinta.
Fatarki za ta gani, in kin matsa."

Da yamma a Tudun Wada
Inna na gaban kasko, man gyaɗa ya kwanta shiru,
ko kumfa babu, ko motsi.
Ba ta da zaiba, ba ta da gilashi.
Ta ɗigo ƙullu kamar ƙwayar gero,
ya nutse, ya taso yana rawa,
ta ce, "Ya yi."
Ɗigon ruwa ya zamo daga ludayi,
mai ya yi tsawa, na ja baya.
Ita ko gezau.
A wuyan hannunta tabo bakwai ne, na sha ƙirgawa,
kowanne awo ne da ba ta rubuta ba.

Na ce, "Inna, man nan ya ninka ruwan zafi kusan biyu,
ga shi ba ya surutu."
Ta ce, "Na fi ki sani."
Na ce, "Ruwan garin nan kuwa
digiri biyu yake ci mana kullum,
yana tafasa kafin ya kai."

Ta juya ƙosai, ta juya wani.
"Shi ya sa wake ke cinye min itace?"
Na ce ƙila da hannunsa a ciki.
Ta yi dariya, ta gyara ɗankwali da bayan hannu.
"To gobe ki tambayo malamin naki
kanwa nawa zan ƙara.
Miƙo min matsamin nan."