Baƙon Ƙafar Dama

Ba wani abin labari ba ne.
Ruwa ya ɗauke, na rufe shago a Kasuwar Barci,
katakon bakin kwata ya zame,
sai na ji ƙas, kamar an karya rake.

Likita Rahila ta ɗaga hoton ƙashin a gaban fitila,
ta nuna mini wani ɗan layi
wanda ko zaren ɗinki ya fi shi kauri.
Wai shi zai zaunar da ni mako shida.
Ta miƙo takalmin: baƙi, ƙato, har ƙasan gwiwa,
maɗauri biyar, kowanne da ƙararsa.
Na ce, ɗaya ne? Ina ɗan'uwansa?
Ita ta yi dariya. Ni ban yi ba.

Shekara ashirin da biyu ƙafar nan tana taka keke.
Ita ta biya haya a Tudun Wada,
ita ta sayi buhun masara,
ni kuwa hannu nake ta yabo.

Yanzu dama ta fi hagu tsawo.
Ina tafe ina tangaɗi kamar teburin mai shayi,
yaran layinmu suna bi na da ƙame,
wai ga sojan da rabinsa ya yi ritaya.
Masu Napep in sun hango ni sai su rage gudu,
su dubi ƙafar, su ƙara kuɗi.
In hadari ya haɗu, na ɗaura mata leda
kamar cefanen da ake tsoron ya jiƙe.

Inna ta aiko daga Rigasa:
da mai ɗori aka kira, da tuni ina gudu.
Na ce a gaishe ta.

Da dare ne rigimar.
Ƙaiƙayi yakan sauka can inda yatsa ba ya kaiwa,
na zura sandar awo ina lalube,
Asabe tana barci, ni da takalmi muna ciniki.
A masallaci kujera aka ba ni a ƙarshen sahu,
kusa da Baba Maikano mai shekara tamanin.
Goshina yana kewar ƙasa.
Ban taɓa sanin ana kewar wannan ba.

Mako na uku na gwada taka keke da hagu.
Ɗinkin ya tafi kamar hanyar tururuwa.
Lawandi, yaron da na koya wa zura zare,
ya karɓi rigar bai ce komai ba,
ya farke, ya sake.
Ta fi tawa kyau. Na yi shiru ni ma.

Takalmina na dama yana ƙarƙashin gado,
sabo fil, gizo-gizo ya kama haya a ciki.
Na hagu shi kaɗai ya cinye dunduniya.
Ummi ta ɗauki allin shago
ta zana wa baƙon ido biyu da haƙora,
don ya daina ɓata rai, in ji ta.

Jiya aka kwance maɗauri biyar ɗin.
Ƙafar ta fito siririya, ta yi fari, tana saɓa,
kamar ba a gidanmu aka haife ta ba.
Na ajiye ta a siminti.
Sanyi ya hau ta har cinya.
Likita ta ce, taka.

Na dubi takalmin a gefe, bakinsa buɗe,
haƙoran alli sun fara gogewa.
Na taka.
Daga gado zuwa ƙofa, taku bakwai ne.
Na ƙirga.