Ta Ramin Wasiƙa

Littafin kiran suna ba ya ƙarya, amma ba ya faɗin duka.
Gaban sunan Declan sifiri goma sha ɗaya,
a jere kamar ƙwai a faranti.
Shekararsa tara, wasiƙarmu ta uku ma zancen tara take,
da jan rubutu, har da ambaton kotu.
Shugabar makaranta ta ce, "Zuwaira, ko za ki leƙa?"

Na sauka daga bas a Burngreave cikin yayyafin Nuwamba,
irin ruwan Sheffield, ba ya zuba, ba ya ɗaukewa.
Na ƙwanƙwasa. Labule ya motsa. Shiru.
Na durƙusa, ni da gwiwata mai ciwo,
na sa baki a ramin wasiƙa:
"Ba takarda na kawo ba. Sanyi nake ji. Akwai shayi?"

Shi ya buɗe, safa ɗaya ja, ɗaya toka.
Shi ya ɗora buta, shi ya san maɓoyar sukari.
Ya jera ƙwayoyi a murfin kwalba,
farare biyu, rawaya ɗaya,
ya kai wa uwarsa har kujera, ya tsaya sai da ta haɗiye.
Wasiƙunmu uku na ninke ƙarƙashin ƙafar tebur,
suna hana shi rawa.
Na ce a raina, to, ko banza sun yi rana.

Ban tambayi komai ba.
Ruwa ba ya tsami banza,
kuma ba a buɗe tukunyar mutane ranar da aka fara sallama.

Sai a zuwa na huɗu ya faɗa, idonsa kan takalmina.
Wata Talata ya dawo da zanen jirgin ruwa a hannu,
ya tarar da ita kwance a kicin, farfaɗiya ta kayar da ita,
madara ta malala har ƙarƙashin firji.
"Da ina gida..."
Bai ƙarasa ba.
Tun ranar ya naɗa kansa maigadi,
ba albashi, ba hutu, ba mai karɓarsa in dare ya yi.

Leanne ta rufe fuska da hannun riga.
"Na yi shiru ne kada a ƙwace min shi."
Na san wannan tsoron. Ba shi da ƙabila.
Na ce ban zo raba hanta da jini ba,
na zo neman wanda zai kama mana ɗaya gefen jinkar.

Sauran aikin ba abin sa wa a waƙa ba ne:
fom mai shafi ashirin da shida,
minti arba'in a waya ana kaɗa min kiɗan jira,
nas da ta sauya magani,
ƙararrawar wuya da ta iso a kwali.
Sai tsohuwa Beryl ta gidan kusa,
wadda shekara shida gaisuwar kai kawai suke,
ta karɓi makulli ta ɗaura a igiyar tabaraunta,
ta ce dama safiyarta ta yi mata yawa.

Muka ƙulla da shi: ƙarfe goma da rabi
zai zo ofishina ya kira gida.
Litinin ya zo, jaka a baya, rabin ransa a titinsu.
Goma da kwata yana bakin ƙofata.
Waya ta yi ƙara sau biyu.
"Lafiya lau nake, sarkin damuwa. Koma aji."
Na ga kafaɗunsa sun sauko
kamar an sauke masa tulu.

Makon nan kwana uku ya zo cikin biyar.
Na'ura ta ba shi ja, ta ce bai kai ba.
Ban yi musu da ita ba, ba ta da taga.
Ni ina da ita:
ranar Alhamis goma da rabi ta yi, ta wuce,
wayar tana zaune,
shi yana fili, laka har gwiwa,
yana rantsuwa ƙwallon ba ta fita ba.