Littafin Mama Damaris

Babur ɗin ba nawa ba ne.
Na Mama Damaris ne, matar marigayi Istifanus.
Da kuɗin sallamarsa daga kamfanin auduga ta saya,
ta miƙo min makulli a gindin dalbejiya, a Jambutu,
ta ce, "Jaka biyu da rabi kullum, Filibus. Lahadi taka ce."

Wata uku ina cikawa.
Sai ƙwallon Turai ta shigo min ta waya,
ta ce dala ɗari kan haifi jaka hamsin kafin asuba.
Na gwada sau ɗaya, ta haihu.
Ashe ƙugiya ma da tsutsa take sallama.

Daga nan na iya ƙarya kamar yaren kasuwa:
taya ta fashe a hanyar Pitowa,
jandarma ya tare ni a bakin gada,
zuwa-zuwa ta yi tsada, rana ta kori fasinja.
Ita kuwa sai ta ɗora tabarau mai ƙafa ɗaya,
ta buɗe littafin 'yan makaranta mai shuɗin bango,
ta rubuta,
ta ce, "Allah ya kai mu gobe."

Ran Lahadi ina benci na huɗu,
ina yabo da bakin da ya kwana da ƙaryar jiya.
Fasto na karanta labarin bawan da aka yafe wa bashi,
ni ina lissafin wa zai ci da yamma.
Zunubi bai zo min da ƙaho ba.
Da ƙarar saƙo ya zo, a aljihun hagu,
daidai inda zuciya take.

Jaka ɗari da tamanin da bakwai.
Na ƙirga su a daren da aka ɗauke wuta a Garwa,
ina zaune bakin Binuwai, dorina na huci a duhu.
Na yi tunanin Yola, na yi tunanin Injamena,
ko'ina da ba a san fuskata ba.
Amma bashi ba ya biyan kuɗin mota,
a cinya ake ɗaukarsa har a sauka.

Da asuba na same ta tana suyar ƙosai.
Na ajiye makulli a kan tabarma, na faɗi duka.
Ba ta ɗago ba.
"Tun ranar tayar Pitowa na sani.
Jikana ya gan ka a shagon caca, tayoyinka lafiya lau."
"To me ya sa kika yi shiru?"
"Kai nake jira. Kuɗi ba sa tuba."

Ta yage shafi goma sha ɗaya,
ta cusa su a murhu.
Mai ya ci gaba da tafasa.
Na ce zan biya. Ta ce, "Da me?
Kada ka ɗauka iska ce ta biya.
Maganin gwiwata ne, da kwanon rufin ɗakin baya.
Mai yafewa shi ke kwana da asara.
A gicciye na koya.
Littafina ya fi wannan kauri, yaro,
Almasihu bai bar min ko bango ba.
Ɗauki makullinka, 'yan makaranta na jira."

Na fi son ta mare ni.
Mari yana da iyaka, ka san ranar da ka gama biya.
Alheri kuwa ya bar ni tsaye, hannu wofi,
da ƙosai uku a takarda, suna ƙona min tafi.

Ba zan ce na warke ba.
Shagon na nan, da shuɗiyar fitilarsa,
wata rana hannuna kan rage gudu da kansa
sai na kira sunan Yesu da ƙarfi, fasinja ya zaci rami ne.

Jiya na sayi kwanon rufi ɗaya.
Ba biya ba ne, takardar ta zama toka.
Na ɗaure shi a bayan babur, iska na kaɗa shi,
hadari ya haɗu a kan dutsen Tingelin,
ina sauri, ina sauri,
ko na riga ruwa isa Jambutu.