Fadarmu a Bagalam

Shayi na biyu na kan gawayi.
Zabairu ya ce, "Ku nemi fim ɗin telan nan
da ke ɗinke inuwar mutane."
Yahuza ya ja tsaki:
"Tumatir ne, ba jini ba.
Fatalwar Turawa ma
sai ta ƙwanƙwasa ƙofa."
"Ni dai," in ji Ma'azu,
"wanda ba a nuna dodon,
shi ke bin mutum har shimfiɗa."

Sai aka ɗauke wuta.
Akuyar maƙwabta ta yi tari
irin na tsoho.

Yahuza, da gidansa ke bayan maƙabarta,
ya ce motonsa ba mai,
nan zai kwana.
A gabana ya cika tanki da la'asar.
Ban tona ba.
Ni ma ban tafi ba.