Ƙugiyar Haƙuri

Rumfata na bayan tasha, hanyar Ɗan Isa,
tsakanin mai faci da mai fetur a kwalba.
Haruffa nake sayarwa, busassu,
ba ruwa, ba gwangwanin fenti.
A juye nake buga su bayan leda,
in shafa danƙo, su sha iska.

Nomau ɗan kabu-kabu ya zo da hantsi,
ko inji bai kashe ba:
"Tsahiru, sa mini HAƘURI a tanki,
yi maza, fasinja na jira a Bagalam."

Na goge tankin da tsumma,
na ɗora, na danne da babban yatsa,
na murza da gindin cokali
har baƙin ya koma toka-toka,
alamar harafi ya bar gidansu.

H ta zauna. A ta zauna.
Ƙ tawa ta ƙare tun Talata,
na Kwatano kuwa ba su san ƙugiya ba.
Na sa K tsirara,
na yanke wuyan alamar tambaya da reza,
na rataya mata a kafaɗa.

Nomau ya kai hannu zai fizge ledar,
na buge hannun.
Mai ɓarewa da gaggawa
rabin kalma yake ɗauka.
Na ɗaga gefe da farce, sannu,
kamar mai duba miki.

Ya ajiye dala arba'in, ya turnuƙe ni da hayaƙi.
Ga ɗigon tambayar nan kan leda,
har yanzu ban sama masa wuri ba.