Bai Wuce Ba

Daren Laraba a El Alto, sanyi na cin ƙashi,
Inna Nélida ta kwance bakin gyale a kan tebur:
takardun da suka yi laushi don shan hannu,
tsaba na gangarawa har gindin murhu.
Boliviyano ɗari uku da sittin.
Ta sake ƙirgawa, ko sun haihu a hanya.
Ba su haihu ba.

Ni ina gefe da aikin da Malam Ticona ya ɗora mana,
alamar nan mai buɗaɗɗen baki da sanda a ƙasa,
wadda ya ce fassararta: ko daidai, ko ƙasa,
amma dai bai wuce ba.

"Inna, nawa ne curin zaren alfaka?"
"Talatin, in mai shago ya kwana lafiya."
"Na tumaki fa?"
"Sha biyu. Yana ƙaiƙayi a wuya,
sai dai shi ne daidai aljihun unguwa."
Na kira alfaka x, na kira tumaki y.
Ta ce dabbobin suna da suna tun kafin a haife ni.
Ban tanka ba.

30x + 12y ≤ 360.
Na ja layi da bayan wuƙa,
daga sha biyu a kwance zuwa talatin a tsaye,
na goga fensir a ƙarƙashinsa har ya yi duhu.
"Duk inda inuwar nan ta kai namu ne.
Sama da layin kuwa, bashi."
Ta ce, "Rosmeri, wannan layin na san shi,
shekara ashirin ina taka shi da ƙafa,
ban dai taɓa ganinsa kwance a takarda ba."

Sai ta shiga rage mini gona.
"Huɗu na alfaka dole ne, na ci kafin alƙalami,
matar likita na jiran suwaitar jikoki."
Na ja wani layin: bai gaza huɗu ba.
Ta ɗaga hannuwa kusa da fitila,
gaɓoɓin sun kumbura kamar ƙullin igiya:
"Waɗannan, curi ashirin ne ƙarfinsu a wata."
Na ja na uku. Inuwa ta tsuke,
ta koma ɗan filin da ko akuya ba za a ɗaure ba.

A kusurwar da layuka suka gamu
lissafi ya ce alfaka shida da biyu bisa uku.
Ta yi dariya har da tari:
"Je ki ce wa mai shago ya tsaga miki curi."
Na gwada bakwai da sha uku.
Boliviyano shida kacal suka tare mana ƙofa.
Na gwada shida da sha huɗu: ya shiga, har da rarar sha biyu.
Na ce, "Ga shi, mun cika hannu, ba mu ƙetare ba!"

Ta karɓi fensirin, ta riƙe shi kamar allurar saƙa,
ta ja ɗigona baya da taki ɗaya.
Shida da sha uku.
"Mai kwana a bakin rami, juyi ɗaya ya ishe shi.
Kuɗin mota fa? Man zafi na yatsu fa?
Malaminki bai raɗa musu suna ba."

Alhamis, kasuwa ta cika har bakin titi,
Illimani ya sha farin ƙanƙara yana kallonmu.
Mai shago bai kwana lafiya ba:
alfaka ta koma talatin da biyu.
Na lissafa a tafin hannu, cikina ya ɗuri ruwa.
Da an bi tawa, da mun taka layin daram,
mu taho gida a ƙasa, buhu a baya.
Da aka bi tata, sha biyu suka tsira.
Muka shiga mota, muka raba kofin kunun jar masara,
tana hura nata rabin, ba ta ko dube ni ba.

Litinin na miƙa takardar, duk tabon kunu.
Malam Ticona ya ba ni bakwai cikin goma,
ya rubuta da jan biro a gefe:
"Me ya sa ba ki zaɓi kusurwa ba?"