Tagar Ɗakin Itace

Bakwai da rabi, ruwa na tsuga a tsibirin Chiloé.
Ni ne a bakin ƙofa, Eleuterio mai shara,
ina auna goshi ɗaya bayan ɗaya.
Talatin da shida, wuce, wanke hannu.

Tagogi a buɗe, haka shugaba ta ce.
Iskar teku na kaɗa taswirar bango,
yara na rubutu cikin rigar ulu biyu.
Da hannuna na shafa layin rawaya a ƙasa,
taku biyu tsakanin tebur da tebur.
Amaro ya tambaye ni ko kifi ma na ba da tazara.

Ran Laraba Florencia ta yi tari.
Sau ɗaya tak,
amma aji ya yi tsit kamar ruwa ya ci shi.
Talatin da takwas.
Malama Herminia ba ta ɗaga murya ba,
ta ce, ɗauko jakarki, 'yata, mu je.

Ɗakin keɓewa tsohon ma'ajin itace ne.
Uwarta na wurin kiwon kifi a tsallake,
jirgin fito sai ƙarfe biyu.
Na tsaya a waje, ita a ciki,
muna zana jirage a raɓar gilashi.
Nata ya fi nawa tuta.

Mako biyu aji uku na kulle.
Kullum ina goge teburinta
ko da ba wanda ya zauna.
Gilashin nan kuwa ban taɓa ba.
Shugaba ta ga sawun yatsun, ta tsaya,
ta gyara takunkuminta, ta wuce.